Buhun Za'afaran na Sirajo Mai Zomo

A Ƙauran Namoda in mutum ya yi wauta, Allah mai gafara ne, amma 'yan unguwa ba su gafartawa, suna suke raɗa masa. Haka Sirajo ya samu nasa. Shekarar da aka yanke jihar Zamfara daga Sakkwato ya tashi ya ce shi ma zai kawo wa sabuwar jiha ci gaba, ya sayo zomaye goma sha biyu ya zuba bayan ɗakin matarsa Zuhura. Kafin wata huɗu sun haƙa rami ta ƙarƙashin katanga, sun fita sun cinye latas da karas ɗin duk wani mai lambu da ke bakin gulbi. Tun daga ranar ya zama Sirajo Mai Zomo. Yara su faɗa, manya su faɗa, har liman in zai miƙa masa goro wurin ɗaurin aure sai ya ce a ba Mai Zomo. Ba abin da ke ci wa Sirajo rai a duniya kamar wannan suna, kuma ba abin da ba zai yi ba don ya rabu da shi.

Shekarar da aka fara aiki da shari'a, yayarsa Kulsumu mai sayar da hatsi ta samu kujerar Makka, ta rasa muharrami, dole ta tafi da shi. Ya yi zaton Alhaji zai goge tsohon suna. Ranar da ya dawo, tun daga tasha ya ji ana cewa ga Alhaji Mai Zomo nan ya sauka.

Sauran alhazai sun dawo da zamzam da dabino da carbi. Shi ya dawo da haƙorin Makka guda da wani buhu ɗaure da igiya, wanda bai yarda kowa ya taɓa ba. Washegari da hantsi ya ɗauko buhun a kafaɗa ya nufi teburin Hayatu mai shayi, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda majalisar unguwa ke zama. Hayatu abokinsa ne tun suna yara, kuma shi ne ma ya raɗa masa sunan zomon.

"Ku saurara," in ji Sirajo, ya dire buhun kan benci. "Daga yau wanda duk yac ce mani Mai Zomo, shi da Allah. Kahin kaka garin ga kaf Alhaji Sirajo Mai Za'afaran za a riƙa cewa."

"Mi na za'afaran kuma?" in ji Hayatu yana fifita wuta. "Wani irin zomo na, na Larabawa?"

Sirajo bai kula shi ba. Ya kwance igiya, ya buɗe bakin buhun kaɗan. Ciki cike yake da wasu siraran zaruruwa jajaye wur. Ya ce wannan shi ne kayan ƙamshin da ya fi zinariya tsada, sarakuna kaɗai ke sa shi a abinci. Ya ce a Jidda ya same shi, ranar da za su taso, wurin wani mutum a bayan inda ake ajiye motoci, wanda ya kalle shi sau ɗaya ya gane mai rabo ne.

"Har ƙwalla yay yi da zai miƙo mani buhun," in ji Sirajo.

"Ta dariya ko ta kuka?" in ji Hayatu.

A ƙarshen bencin akwai Malam Zakariyya, malamin kimiyya a makarantar sakandare, mutum mai sanyin hali wanda ba ya iya ganin tambaya ya bar ta ba amsa. Ya aje kofinsa ya yi bayani. Ya ce za'afaran daga wani fure yake, a ƙasashe masu sanyi irin Iran, kuma kowane fure zare uku kacal yake bayarwa, sai an tsinke fure fiye da ɗari kafin a cika cokalin shayi. Ya ce sinadarai uku ne ƙarfinsa: kurosin mai ba da launi, fikirokurosin mai ba da ɗan ɗaci, safaranal mai ba da ƙamshi. Ya ce ana sa shi a abinci, kuma masana na bincike ko yana rage ɓacin rai, ko yana kare amfanin gona daga ƙwari da fumfuna, amma bincike ne, ba a gama ba.

"To amma buhu guda, Alhaji?" ya ce. "Bari in sansana."

Sirajo ya yi maza ya ɗaure buhun. Ya ce hanci ma yana cin kaya. Daga duk bayanin malamin sunaye uku kawai ya ɗauka, ya zubar da sauran a nan ƙarƙashin benci. Kafin la'asar yana faɗin kurosin da fikirokurosin da safaranal kamar 'ya'yan da ya haifa.

Ana cikin haka wani tsohon Bafillatani daga Galadi, Jabiru, ya tsaya shan shayi. Ya shigo gari sayen kanwa ne kafin ya kora shanunsa kudu neman ciyawa. Da ya ga Sirajo sai ya washe baki.

"A'a, Mai Zomo! An dawo lahiya?"

"Baffa, ka kiyaye ni," in ji Sirajo, ya miƙe tsaye yana nuna shi da yatsa. "In kad dawo da shanunka ka tambayi sunana, za a gaya maka."

Tsohon ya rasa laifin da ya yi, ya shanye shayinsa ya kama hanya.

Aka fara da abinci. Ranar Alhamis Zuhura ta dafa shinkafa dafa-duka babbar tukunya don walimar dawowar alhazai. Zuhura mace ce mai tuyar ƙosai, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Tana juya tukunya Sirajo ya shigo madafa, wurin da bai taka ba tun aurensu, ya cika hannu uku da jan zaren ya watsa ciki.

"Alhaji, abin ga ko ƙamshi ba shi yi," ta ce.

"Safaranal na barci, gajiyar jirgi ta."

Ta ɗanɗana. "Ba shi da ɗanɗano kuma."

"Fikirokurosin kunya gare shi, ba shi hitowa gaban mata."

Kurosin dai bai yi barci ba, bai kuma ji kunyar kowa ba. Shinkafa ta fito ja kamar an yanka rago a cikinta. Mutane sun zo da fararen riguna don girmama alhazai, suka ci don kada a ce sun raina abincin Makka. Aka tashi da jan baki, jan yatsu, jan gaban riga. Liman mai farin gemu har ƙirji, ga shi da al'adar shafa gemu bayan kowace loma. Washegari ya hau mumbari da gemu ruwan hoda, ya yi huɗuba kan tsoron Allah, sahun gaba kuwa kowa ya sunkuyar da kai, ba don huɗubar ba.

Hayatu ya zaro wani zare daga tsakanin haƙoransa ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"Wallahi wanga abu ya taɓa maƙale mani ga haƙori wani wuri."

"Ina ka taɓa zuwa, in ba Gusau ba?" in ji Sirajo.

Daga tukunya ya koma kan noma. Zuhura na da buhu biyu na wake a ɗakin ajiya, jarin ƙosanta na rani gaba ɗaya. Ta saba zuba toka da barkono don ƙwari, kuma ba ta taɓa asarar ko tiya ba. Sirajo ya ce wannan aikin mutanen da ne. Rannan tana barka a maƙwabta ya jiƙa jan zaren a bokiti, ya kwance buhunan ya tuttula ruwan ciki, ya ɗaure da kyau don kada sinadari ya gudu. Ga zafin bazara. Kwana uku wake ya kumbura ya tsaga buhu, na sama ya tsiro, na ƙasa ya yi gashi. Wari ya hana kaji shiga ɗakin.

Abin da ta iya tsincewa ta niƙa ta toya. Ƙosai ya fito ja. Yaran da ke zuwa saye da safe suka leƙa kasko suka juya da gudu.

"Kin gani ko?" in ji Sirajo. "Duba da kyau, akwai ƙwaro ko ɗaya cikin waken nan?"

"Babu," in ji Zuhura. "Ƙwaro na da hankali."

Ta yi kwana biyar ba ta ce masa ko sannu ba, shi kuwa ya faɗa wa majalisa cewa mamaki ne ya ɗaure mata baki.

Tun makon farko ya riga ya gyara tsohon wurin zomayen nan, ya ja kunya, ya shuka zaren layi-layi, ya kakkaɓe har dattin gindin buhun a kai. Malam Zakariyya ya gaya masa ba a shuka zare, daga wani ƙwallo mai kama da albasa furen ke fitowa. Sirajo ya ce ilimin littafi daban, na wanda ya je ƙasar daban. Ya yi ta ban ruwa safe da yamma. Ikon Allah, rana ta shida wani tsiro guda ya leƙo. Sirajo ya fita ba hula yana kiran jama'a.

Ya kewaye tsiron da ƙaya. Da ya tuna an ce abin na son sanyi, sai ya kafa masa lemar da ya zo da ita daga Makka, ya riƙa sayo ƙanƙara wurin masu zoɓo yana jera masa a gindi. Tsiro ya yi ta girma duk da wannan azaba, ya fidda dogayen ganye. Duk manomin da ya leƙo sai ya karkata kai.

"Alhaji, wagga ba masara ba ta?"

"Jahilci ba shi da magani," in ji Sirajo. "Haka itacen za'afaran ka farawa, don kada ɓarayi su gane shi."

Sai ya ji labarin cewa a Zurmi akwai wani tsoho, Malam Halilu, wanda ke yi wa mutane rubutun sha da tawadar za'afaran, ba da baƙar tawada ba. Ya ce to ga babban mai saye. Ya cika leda, ya hau mota har Zurmi, ya tarar da malamin a zaure kan buzu, alluna jingine da bango. Bayan gaisuwa ya dire ledar gabansa.

Malam Halilu ya dubi ledar, ya dubi Sirajo. Ya sa hannu aljihu ya fiddo wani ɗan gwangwani wanda bai fi na man zafi girma ba. Ya buɗe. Ƙamshi ya cika zauren, wani iri mai daɗi kamar zuma da busasshiyar ciyawa.

"Alhaji, wanga shekara tara ke nan da anka kawo mani shi. Zare huɗu nika sawa in rubuta allo goma. Kai kuma ka ce buhu gare ka?"

"Allah shi gafarta Malam, kowa da arzikinai."

"Haka na. Ba ni zare guda in sa cikin ruwa, in gani."

"Ba a gwada kayan sarakuna, Malam. In ba ka iya saye, ka ce ba ka iya."

Malamin ya rufe gwangwaninsa ya mayar aljihu, ya yi masa addu'ar Allah ya sa a gama lafiya. Sirajo ya dawo Ƙaura ya ce malamin Zurmi ya ga kayan har hannunsa na rawa, ƙarfinsa ne dai bai kai ba.

Saura lafiyar jiki, kuma a nan ne ya sa ran suna zai fito. Ya jiƙa zaren ya ba mutum biyu, suka ce ruwa ne kawai mai launi. Don haka ya ce a taimaka wa sinadaran su farka. Ya samu tulu, ya zuba zaren, ya zuba dabinon Madina da Kulsumu ta ba shi, ya ƙara sukari da gasarar gero, ya toshe baki da tsumma, ya ajiye a rana kwana bakwai. Ran na bakwai tulu na tsuwa shi kaɗai. Ya juye a jarka biyu, ya ari lasifikar hannu, ranar Alhamis ya nufi kasuwar Shinkafi.

Kowa ya san yadda gari yake a wannan shekara. An rufe gidajen giya, an farfasa tukwanen burkutu, 'yan hisba na yawo a kasuwa suna duba mudu da tiya. A irin wannan lokaci Sirajo ya hau kan turmi kusa da 'yan hatsi ya sa lasifika a baki.

"Jama'a, ga shi ya zo! Sha ka manta da damuwa! Kohi guda ka ji duniya ta yi maka daɗi, kohi biyu ka yi ta dariya ba dalili! Mai ɓacin rai shi matso!"

Mutum uku suka sha suna yamutsa fuska. Yana cikin zuba wa na huɗu, jarka ta biyu da ta sha rana ta kumbura ta yi tumbi, murfin ya tashi da ƙara kamar bindigar toka. Jakuna suka tsinke igiya. Jan kumfa ya yi sama ya sauko kan wasu samari uku masu riga iri ɗaya da suka tsaya sauraro tun ɗazu. Ashe 'yan hisba ne. Babbansu ya share fuska, ya sansana hannunsa, ya ce Alhaji ya sauko daga turmin.

Aka sa ranar Litinin gaban alƙalin Shinkafi. Labari ya riga Sirajo isa gida. Ran Litinin mutanen unguwa suka cika bas guda, Hayatu ya rufe teburinsa karo na farko cikin shekara goma. Zuhura ta shiga motar mata, da wani abu ƙunshe a gefen zanenta.

Kotu ta cika har tagogi. Alƙali dattijo ne mai magana a hankali. Ya dubi jarkar da aka aje gabansa, ya dubi Sirajo.

"An ce kana sayar da abin sha mai sa mutum shi manta damuwa, shi yi ta dariya ba dalili. Kai kac ce haka?"

"Ni nac ce, Allah shi gafarta Malam, kuma ban ƙara gishiri ba."

"Kai kana sha?"

"Kohi biyu kullum da sahe."

Ƙarya yake, sau ɗaya ya kurɓa ya tofar.

"Shina juya maka kai?"

Sirajo ya waiga ya hango Hayatu a taga yana murmushi. In ya ce ba ya yin komai, ya san abin da za a tafi da shi Ƙaura.

"Juyi ma kuwa! Wani lokaci sai na dafa bango."

Magatakarda ya rubuta. Alƙali ya gyara zama ya ce to, Alhaji ya yi iƙirari da bakinsa cewa yana shan abin da ke juya hankali, hukuncin wannan kuwa bulala tamanin ne. A bakin ƙofa wani ƙato ya miƙe ya ɗan lanƙwasa bulalarsa don ya ji ko tana nan lafiya. Haƙorin Makkan Sirajo ya ɓace cikin baki.

Amma alƙali ya ce sai ya ji shaidu. Aka kira mutum ukun da suka sha.

"Kun ji daɗi a ranku?"

"Allah shi gafarta Malam," in ji na farko, "tun ran Alhamis ban yi nisa da bayan gida ba."

"Dariya fa?"

"Iyalina dai sun yi," in ji na biyu.

Na uku bai samu ba da shaida ba, ya nemi izinin fita da sauri.

Alƙali ya tambayi abin da ke cikin jarkar. Sirajo ya ɗan samu ƙarfi, ya ce za'afaran ne tsantsa daga ƙasa mai tsarki, da kurosin da fikirokurosin da safaranal, in ana shakka a tambayi Malam Halilu na Zurmi. Bai san malamin na zaune a sahu na biyu ba, 'yan hisba sun gayyato shi tun jiya da suka ji ana maganar za'afaran.

Malam Halilu ya taso a hankali ya ce a kawo ruwan sanyi kofi biyu na gilashi. Ya ɗauki zare guda daga ɗan gwangwaninsa ya jefa a na dama, ya ɗauki guda daga kayan Sirajo ya jefa a na hagu. Na hagu nan take ya yi ja jawur, zaren kuwa ya koma fari-fari yana yawo tsirara. Na dama ya daɗe bai yi komai ba, sannan a hankali ruwan ya fara zama rawaya mai haske, zaren na nan da jansa.

"Na gaskiya ba shi gaggawa, kuma ba shi zubar da rigarshi," in ji malamin. "Wancan galura ta, irin ta rinin tabarma. Zaren dai ban san ko na mi na ba."

"Ni na sani," in ji wata murya daga ɓangaren mata.

Zuhura ce. Ta nemi izini, ta matso, ta kwance gefen zanenta ta aje abu kan tebur. Ɗanyar masara ce guda, da ɓawonta, da gemunta yana reto.

"Allah shi gafarta Malam, wagga na karyo ta yau da sahe ga itacen za'afaran na Alhaji, wanda ad da lema."

Alƙali ya tsamo farin zaren daga kofi, ya shimfiɗa shi kusa da gemun masarar. Ya kira magatakarda ya duba, ya kira mai bulala ma ya duba. Ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Can daga taga Hayatu ya buga ihu.

"Na ce ya taɓa maƙale mani ga haƙori!"

Sai da aka daɗe ana tsawatarwa kafin kotu ta lafa. Alƙali ya share ido da gefen rawani ya ce bisa ga shaidu, abin da ke cikin jarka ciki yake juyawa, ba kai ba, kunu ne da ya lalace. Ya ce a haƙa rami a zubar. Amma iƙirarin Alhaji na nan a rubuce, kuma shari'a ta ba mai iƙirari dama ya janye. Ko ya janye da bakinsa, ya faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ke cikin buhunsa, ko a shimfiɗa shi a waje.

Sirajo ya dubi bulala, ya dubi taga. Wallahi abin tausayi ne, don mutum ne da aka ce ya zaɓa tsakanin bayansa da sunansa, kuma ya fi son sunan.

"Allah shi gafarta Malam," ya ce da ƙaramar murya, "tamanin ɗin nan, lokaci guda aka yin su, ko ana rarrabawa?"

"Alhaji," in ji Zuhura, ba ta ko ɗaga kai ba, "ka san dai ba ni da waken da zan sayar in sayo maka man zafi."

Mai bulala ya sake lanƙwasa abin aikinsa. Sirajo ya juya ga alƙali da sauri.

"Na janye. Ba shi juya kai. Ba shi komi."

"Mi na cikin buhun?"

"Gemun masara na."

"Na bayan ba su ji ba."

"Gemun masara na! Tun daga Jidda nid ɗauko shi bisa kahwaɗa!"

Kafin bas ta kai Ƙaura an gama raɗin suna, ba rago ba goro. Burinsa ya cika, don daga ranar ba wanda ya sake ce masa Mai Zomo. Yara su ce Alhaji Gemun Masara, manya su ce Alhaji Gemu don taƙaitawa, liman kuwa, wanda bai manta Jumma'ar nan ba, yakan faɗi sunan cikakke har da jan wasali. Masarar kuwa, Zuhura ta gasa ta a bakin murhu ta cinye ita kaɗai, ta ce ladan wakenta ne.

Da kaka ta yi, wata safiya Sirajo na zaune a ƙarshen bencin Hayatu, ya juya wa hanya baya, sai ga tsoho Jabiru ya dawo daga kudu da sandarsa a kafaɗa, bai ji labarin komai ba. Ya hango shi ya washe baki, ya manta da kashedin da aka yi masa.

"A'a, Mai Zomo!"

Sirajo ya juyo a hankali. Idanunsa suka ciko. Hayatu ya buɗe baki zai yi wa tsohon gyara, Sirajo ya take masa ƙafa da ƙarfi, ya ce a haɗa wa Baffa shayi mai kauri, da madara, da burodi mai yanka-yanka. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya zaunar da shi kusa da shi.

"Baffa, don Allah sake kirana."

Tsohon ya dubi Hayatu, ya dubi jama'a, ya rasa gane kan abin.

"Mai Zomo?"

"Na'am!" in ji Sirajo, da ƙarfin da har 'yan tasha suka waigo.